Ruwan da Na Ce a Tafasa

In kun taɓa kunna rediyo da safe kuka ji wata mace tana rera cewa, "In ruwa ya tafasa, cuta ta fasa," to ni ce. Muryata ce, kuma ni na rubuta. Na daɗe ina son in gaya muku wannan ina taƙama. Yau ga shi zan gaya muku kaina a sunkuye.

Auta ake ce mini a gida, sunan ya bi ni har wurin aiki. Ofishinmu ƙarami ne, tallan wayar da kai muke shiryawa: wanke hannu, kwana a gidan sauro, kai yara rigakafi. Mu shida a ɗaki biyu, da fanka mai kuka kamar tsohuwar akuya, da wani lungu da aka manna wa soso a bango muna ce masa situdiyo.

Wata takwas da suka wuce, yaran unguwarmu suka fara ciwon ciki da ba ya jin magani. Mutane suka soma nuna katangar kamfanin batir da ke bayanmu da baki. Sai kamfanin ya ce zai ɗauki nauyin wayar da kan jama'a a kan tsaftar ruwa, aikin ya faɗo hannunmu. Ogarmu ta ajiye mini fayil a tebur ta ce, "Ke 'yar unguwar ce, ke kika san yadda za ki shiga kunnensu."

Na kuwa shiga. Kwana uku na fitar da waƙar, kafin wata yara suna tsallen igiya da ita. Mama ta je kasuwa ta sayo ƙatuwar buta mai fito, kullum sai ta tafasa ruwan rijiyarmu sau biyu. In an tambaye ta dalili ta ce, "Ɗaya don cuta, ɗaya don Auta."

A wurin ɗaukar hoton tallan na haɗu da shi. Muna neman mai farar riga da zai ɗaga kofi ya sha yana murmushi, aka turo mana shi daga ɗakin gwaje-gwajen kamfanin. Dogo ne siriri, gilashinsa an ɗaure ƙafa ɗaya da baƙin zare. Ya ɗaga kofin, ya yi murmushin, amma shan ya gagara.

Na ce, "Malam, kurɓa ɗaya fa kawai."

Ya ce, "Ruwan ina ne?"

"Na rijiyar gidanmu. Tafasasshe ne, da kaina na zo da shi."

Ya dube ni ta saman gilashi har na tsargu, sannan ya ce, "Ba na jin ƙishi."

A raina na ce wannan kam girman kai zai kashe shi. Bayan kwana biyu ya nemi lambata wurin mai ɗaukar hotonmu. Bayan mako guda ya tsaya a ƙofar gidanmu da babur, jarka biyu ɗaure a baya. Ya ce ruwan famfon unguwarsu ne, wai ya fi daɗin shayi, a taimaka a riƙa sha.

Tun ranar bai fasa ba. Duk Laraba da Asabar, jarka biyu. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta raɗa masa suna Mai Jarka.

"Samarin mutane suna kawo turare da agogo, naki ruwa. Auta, ki dai bincika, kar mu wayi gari mun ba mai garuwa 'ya."

Ni kuwa, ku yafe mini, na riga na faɗa. Mutum ne da ba ya iya zuba kalamai, amma in ruwan sama ya tsare ni a ofis sai in leƙo in gan shi a ƙarƙashin rumfar mai faci, da lema a hannu, ya jiƙe sharkaf don ya manta bai buɗe ta ba. Saƙonninsa gajeru ne. "Kin ci abinci?" "Ki rage shan sanyi, muryarki ta ɗan dishe a tallan ƙarfe bakwai." Wata rana ya rubuto, "Yau sau huɗu na ji ki a rediyo. Na biyar nake so, wanda ba kowa ke ji ba." Sau nawa na karanta wannan, Allah kaɗai ya sani.

Kullum kafin ya tafi sai ya tambaya, "Ana dai shan ruwan ko?" In ce ana sha. Ban yi ƙarya ba, ana sha. Baƙi ne ke sha. Mama ta ga ruwan ya yi kyau garau, ta ce ba za a ɓata shi a cikinmu ba. Ta ware shi na baƙi da na ɗaurayar fararen kayan Baba. Mu kuwa muna nan da butarmu mai fito. Na ji kunyar gaya masa, kar ya ga kamar an raina kyautarsa.

Mama ta fara gajiya da jira. Ranar Juma'a ina tsefe kai ta zauna bakin gadona.

"Wata bakwai ke nan, Auta. Ki tambaye shi, ruwa ya zo rabawa ko mata ya zo nema? Ƙawayenki duk sun tafi, ni kuma bakina ya gaji da cewa sai an sa rana."

"Mama, ba a yi wa irinsa gaggawa."

"Ni ma ba a yi mini wasa da hankali."

Kamar ya ji mu. Asabar da hantsi saƙonsa ya shigo: "Zan zo da la'asar. Akwai maganar da na daɗe ina ajiyewa, yau nake so in faɗa."

Na yi kuskuren yin murmushi a gaban Mama. Ta karɓe wayar ta karanta da kanta, tana motsa leɓe. Kafin azahar an share tsakar gida sau biyu, an fito da kofunan gilashi daga kabad, an buga wa Gwaggo waya ta iso da haki. Baba, wanda ya yi shekara talatin a kamfanin batir ɗin nan kafin ya yi ritaya da tarin da ba ya barinsa, ya sa farar rigarsa ya zauna a kujerar roba da 'yar rediyonsa a cinya, wai shi bai san abin da ake ciki ba.

Ni kuma na canza kaya sau uku. Na ƙare a doguwar riga ruwan toka mai ɗinkin azurfa a wuya, da mayafi ruwan hoda, da ɗan kunnen da Mama ta ba ni ranar da na gama makaranta. Kwallin ma sai da na goge na sake.

Ya iso, ya sauke jarkokinsa, ya durƙusa ya gaida Baba. Aka shimfiɗa mana darduma a baranda. Gwaggo ta zauna a bakin tagar falo, wai iska take sha. Na lura bai yi aski ba, idanunsa sun faɗa. A aljihun gabansa akwai takarda a ninke, yana ta taɓa ta. A zuciyata na ce, Allah sarki, har rubutawa ya yi don kar ya manta.

Bai kai ga buɗe baki ba Tsuntsuwa ta fito. 'Yar Yayana ce, wanda shi ma a kamfanin batir yake aiki, shekararta huɗu, gida ɗaya muke. Tsuntsuwa muke ce mata don loma uku ta ishe ta. Watannin nan ta ƙara zubewa, ga yawan kuka, ga riƙe ciki, waƙoƙin da ta iya ma ta fara mantawa. Ta zo ta kwanta a jikina ta ce, "Anti, ruwa."

Na miƙa hannu na zuba mata daga fulas ɗin Mama. Kofin bai kai bakinta ba ya riƙe shi. Yatsunsa suka hau kan nawa. Wata bakwai bai taɓa ko gefen mayafina ba.

"Wannan na jarka ne?"

Na kau da kai.

"Auta, na jarka ne?"

"Na rijiya ne. Amma sau biyu aka tafasa."

Ya zare kofin daga hannuna a hankali ya ajiye bayansa. Ya tashi da kansa ya buɗe jarka, ya ɗauraye wani kofi, ya durƙusa ya ba ta tana sha yana riƙe mata. Da ya dawo ya zauna, sai ya cire gilashin ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin idonsa tsirara ba sai ranar.

"Tun yaushe take shan na rijiya?"

"Kullum. Naka na baƙi ne."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya buɗe ya ciro takardar ya shimfiɗa a kan darduma. Layuka ne da lambobi, da hatimin wani ɗakin gwaji da ba na kamfaninsu ba.

"Dalma ce," in ji shi. "Ƙarfen nan mai nauyi da ke cikin batir. Ruwan da muke wanke wurin narka da shi yana bi ta ƙarƙashin ƙasa yana shiga rijiyoyi. Na ɗebi ruwan rijiya goma sha ɗaya na kai gwaji a waje. Taku ce ta uku a muni."

"To ai muna tafasawa."

"Tafasa tana kashe ƙwayar cuta. Dalma ba rai gare ta ba, balle ta mutu. In kin tafasa, ruwan ne ke raguwa, ita tana nan. Sau biyu ya fi sau ɗaya muni."

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kunnuwana suka yi ɗum. Na dubi Tsuntsuwa tana wasa da igiyar takalminsa, na tuna yadda take tafa hannu in waƙata ta zo a rediyo.

Na ce, "Tun ranar hoto ka sani."

"Ranar zargi nake. Da na tabbatar, wata uku ke nan. Sau biyu na kai wa manaja, ya sa a durowa ya ce ana dubawa."

"Wata uku kana ji ina rera wa mutane guba, kana ce mini muryata ta dishe."

"Haka ne."

"Ba ka da abin cewa sai haka ne?"

"Tsoro na ji. Na ji tsoron aikina, na ji tsoron na Yayanki, na fi jin tsoron fuskar da kike yi mini yanzu. Na ce wa kaina tunda gidanku na shan nawa, ina da sauran lokaci. Gidaje nawa ne ba su da mai kawo musu jarka, wannan na ƙi tsayawa in lissafa." Ya dafa takardar. "Ranar Litinin zan kai takardar nan hukumar lafiya, da sa hannuna. Daga nan ba ni da aiki. Shi ya sa ban turo manya ba. Ban so in nemi aurenki da wannan a aljihu, kuma na san ba a ba mara aiki mata. Ina sonki, Auta. Wannan ma na daɗe ina ajiyewa."

Kalmar da na yi wata bakwai ina jira, ga ta ta zo, ni kuma ba ni da wurin ajiye ta.

Ƙarar faɗuwar faranti ta sa muka juya. Mama ce a bakin ƙofa, ta kawo mana lemo. Ta wuce kicin ta ɗauko butar nan, ta tuttular da ruwan a magudana, sannan ta zauna a ƙasa daɓas da butar a cinya.

"Da hannuna nake ba ta," ta ce. "Har hura mata nake don kar ya ƙona ta."

Shi ne ya je ya tsuguna gabanta. "Mama, ba ke kika zuba ba. Kin yi abin da aka ce ne, kin ma ƙara. Gobe mu kai ta a auna jininta. In an gano da wuri akwai magani."

Ana cikin haka Yaya ya dawo daga aiki. A wurin narka na kamfanin yake, shekara shida. Gwaggo ta tare shi da labari tun daga zaure. Ya ɗauki takardar ya karanta a tsaye, ya dubi 'yarsa, ya matsa kamar zai ɗauke ta. Amma abin da ya fito daga bakinsa daban ne.

"In aka rufe kamfanin nan, mutum ɗari huɗu za su zauna a gida. Ka yi tunaninsu?"

"Na yi. Yaransu ma a unguwar nan suke shan ruwa."

"Mu daina sha, mu gaya wa maƙwabta a hankali, shi ke nan. Ba sai an kai ƙara ba."

Gwaggo ta karɓe. "Ni dai a bari a ɗaura auren nan tukun. In ya so daga baya ya kai takardarsa duk inda zai kai. Wa zai ba da 'ya ga wanda zai zubar da aikinsa jibi?"

Yaya ya juyo kaina. "Ke za ki hana shi, maganarki yake ji. In kuwa ya kai, kar in sake ganin babur ɗinsa a ƙofar nan. Kuma ki tuna, in abin ya fashe, muryar wa mutane za su tuna? Ba manaja za su jefa ba, ke za su jefa."

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce.

Duk abin nan a kunnen Baba aka yi. Ya kashe rediyonsa, ya tashi ya shige ɗaki yana tari.

Na raka Mai Jarka bakin babur. Na so in yi masa faɗa, na so in ce ya tafi kar ya dawo. Da na buɗe baki sai na ji na ce, "Ka ci abinci yau?"

Ya girgiza kai.

"Ka je ka ci. Ban yafe maka ba tukun, amma ka ci."

Lahadi da safe muka kai Tsuntsuwa asibiti, ni da uwarta da shi. Yaya bai zo ba, amma shi ya tsayar mana da mota, ya kuma sa wa 'yar takalmi da kansa. Da za a soka mata allura ta fasa kuka, sai Mai Jarka ya cire gilashinsa ya ɗora mata a hanci. Ta tsaya tana kallon duniya a karkace har aka gama. Likita ta ce sakamako sai bayan kwana uku, amma daga yau ko wanke baki kar a yi mata da ruwan rijiyar. A hanyar dawowa ta yi barci a kafaɗarsa, yawunta ya jiƙa masa riga, bai motsa ba har muka iso.

Ina shiga gida saƙon Oga ya shigo: "Gobe ƙarfe tara a situdiyo. Kamfani sun ji daɗin na farko, suna son na biyu. Ki zo da muryarki mai kyau." Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Na jefa wayar kan gado.

Sai na ji bugun guduma a bayan gida.

Baba ne a bakin rijiya, ya cire riga sai singileti. Ya jera katako a kan murfin yana buga ƙusa, in ya buga uku ya tsaya ya yi tari. Rijiyar da ya haƙa shekarar da aka haife ni. Na ce ya kawo in taya shi, ya ce in riƙe masa ƙusoshin kawai. Da ya buga ta ƙarshe ya zauna a kan murfin yana mai da numfashi.

"Yaron nan, kina sonsa?"

Na sunkuyar da kai.

"Na ji. Ki ce masa ya turo kawunsa. Aiki Allah ke bayarwa. Wanda ya ƙi shan ruwa don ƙarya, ba zai shayar da 'yata ƙarya ba. Jinkirin da ya yi kuwa, ba ni ne zan yi masa hukunci ba."

Hawaye suka zubo mini. Na ce, "Baba, Yaya fa?"

"Bar ni da Yayanki." Ya goge goshi da bayan hannu. "Wayar nan taki tana ɗaukar murya kamar na'urar ofishinku?"

"Tana ɗauka."

"Ɗauko ta."

Na ɗauko na dawo, ban fahimci inda ya dosa ba. Ya sa rigarsa, ya ɓalla maɓallai har wuya.

"Takardar yaron nan ta ce akwai guba. Ba ta ce ta ina take biyowa ba, kuma za su ce ba daga wurinsu ba ne. Ni na san hanyar. Akwai bututu ƙarƙashin katangar gabas, ba ya cikin kowane zane. Mu huɗu muka binne shi shekara goma sha tara da suka wuce. Aka ce mana na ruwan sama ne, muka ga kalar abin da ke fita, muka yi shiru. Ukun sun rasu. Saura ni."

Inuwa ta faɗo a kan murfin rijiyar, na ɗaga kai na ga Yaya tsaye a bakin ƙofar baya, da katin aikinsa rataye a wuya. Ban san tun yaushe yake nan ba. Baba ma ya gan shi, bai sauke ido ba.

"In za ka tsaya, ka matso ka ji da kyau," ya ce masa. "In za ka hana, sai dai ka ƙwace daga hannun ƙanwarka a gabana."

Yaya bai matso ba, bai kuma tafi ba.

Baba ya gyara zama ya dube ni. "Ke kika iya wannan aikin. Daga ina ake farawa?"

Na ce, "Daga sunanka, Baba."

Ya ce, "To danna."